MUN IYA KIRARIN KAKANNI, MUN KASA AUNA INUWA

Malam Edita, ina roƙon a ɗan sammini fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san wasu za su ji zafi, to amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A wani zama na marubuta da na halarta, bayan an gama karance-karance an shiga sharhi, sai na ɗaga hannu na yi tambaya: shin a cikin mu duka da ke ɗakin nan, akwai wanda ya taɓa riƙe littafin Hausa guda ɗaya tak da ya ba da tarihin yadda ɗan Adam ya gano girman duniya, ko tsawon shekara, ko dalilin husufi? Ɗaki ya yi tsit. Can sai wani ɗan uwa da nake ganin girmansa ya ce wannan ai ba adabi ba ne, aikin mutanen jami'a ne. Wani kuma ya karɓe da cewa ai ba sai an wahala ba, kowa ya san Musulmi ne suka ƙirƙiro kimiyya Turawa suka sace. Aka yi tafi, aka wuce wurin. Wannan tafin shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin a ganina amsoshin nan biyu su ne cutar da ke damun mu, ta biyun kuwa ta fi ta farkon illa, saboda daɗin da take da shi a kunne.

Bari in fara da ta biyun. Sanin kowa ne cewa idan aka tashi maganar kimiyya a tsakaninmu, abin da ake yi shi ne jero sunaye kamar maroƙi a ƙofar fada: Alkawarizmi, Albiruni, Ibnul Haisam, Ibnu Sina. A ce su ne iyayen kaza, su ne kakannin kaza. To madalla. Amma ka tsayar da mai kirarin ka tambaye shi me Albiruni ya auna, da me ya auna, nawa ya samu, sai ka ga ido ya raina fata. Na sha gwada wannan a kan ɗalibaina, na kuma gwada a kan abokan aikina, ni kaina ma an taɓa gwadawa a kaina na ji kunya. Sunan mutum ba ya koya wa yaro komai. Abin da ke koya masa shi ne a nuna masa hanyar da mutumin ya bi, har ya ga cewa shi ma da sanda da igiya zai iya bi.

Ga misalin da nake nufi. Wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai wani masani mai suna Iratostanis, haifaffen Libiya ta yau, mai kula da babban ɗakin karatu na Iskandariyya. Ya sami labarin cewa a garin da yanzu ake kira Aswan, a kudancin Masar, akwai ranar da idan rana ta take tsaka abin da aka kafa tsaye ba ya yin inuwa. A wannan rana da wannan lokaci kuwa, a Iskandariyya sanda tana yin 'yar inuwa. Ya auna karkatar inuwar ya ga kashi ɗaya ce cikin 50 na da'ira, wato digiri 7 da ɗan ɗoriya. Sai ya ce ashe tazarar garuruwan nan biyu kashi ɗaya ce cikin 50 na kewayen duniya. Ya ɗauki tazarar, ma'aunin tafiya 5,000 na zamaninsu, ya ninka sau 50, ya sami 250,000. Shi ke nan. Babu inji, babu jirgi, sai sanda da inuwa da hankali.

Don Allah a gaya mini wace kalma ce a cikin wannan bayani Hausa ta kasa ɗauka? Kuma abin da zai ba ka takaici shi ne, mu nan mun fi Iratostanis samun sauƙi. Katsina da Abuja kusan a kan layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu, tsakaninsu kuwa kamar kilomita 440 ne idan an miƙe. Idan ɗalibai a Katsina da wasu a Abuja suka kafa sanda rana ɗaya, suka auna inuwa daidai lokacin da ta fi gajarta, za su ga bambancin kusan digiri 4. Huɗu ta shiga 360 sau 90. Ka ninka 440 sau 90, ka sami 39,600, alhali kewayen duniya wajen kilomita 40,000 ne. Waya kawai malaman biyu za su yi wa juna. Haka kuma a Kano, wajen 21 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta, rana kan take daidai tsakar ka, inuwar turke ta ɓace kamar yadda ta ɓace a Aswan. Yara nawa ne a Kano suka san haka? Wa ya rubuta musu?

Yanzu a dawo kan batun sata. Gaskiyar tarihi ta fi wannan kirarin kyau, ta kuma fi shi ɗaukaka Musulmi in da za mu tsaya mu karanta. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, su ne suka shafe ɗaruruwan shekaru suna rubuta abin da suka gani a sama a kan allunan yumɓu. Lissafinsu na sittin-sittin ne, shi ya sa har gobe awa take da minti 60, da'ira take da digiri 360. Girkawa suka ɗauka daga wurinsu suka ɗora. Wajen shekara ta 150 Miladiyya Baɗlimus ya rubuta babban littafinsa a Iskandariyya, ya jera taurari fiye da 1,000, ya kuma tsara lissafin tafiyar rana da wata bisa cewa ƙasa ce a tsakiya. Wannan littafi Musulmi suka fassara a Bagadaza suka kira shi Almajisɗi, ba su kuwa ɓoye sunan mai shi ba. Ba su ce sun ƙirƙira ba. Abin da suka yi ya fi haka wuya: sun gwada shi. Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, ya tura masana filin Sinjar su sake auna tsawon digiri ɗaya na bayan ƙasa. Albattani, wanda ya rasu a 929, ya sake auna shekara ya sami kwana 365 da sa'a 5 da minti 46 da daƙiƙa 24, kuskurensa bai kai minti uku ba. Ibnul Haisam kuwa littafi guda ya rubuta a kan shakkun da yake da shi game da Baɗlimus, yana nuna inda lissafin malamin ya saɓa wa ƙa'idojin da shi da kansa ya shimfiɗa. Wannan shi ne gadon da ya kamata mu yi tinƙaho da shi, wato ɗalibin da ke girmama malami amma ya ɗauki ma'auni ya bi bayansa.

Wanda labarinsa ya fi burge ni shi ne Ibnus Shaɗir, mai kula da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375. Aikinsa na yau da gobe shi ne ya gaya wa ladan azahar ta yi. Amma ya zauna ya gyara lissafin tafiyar wata, har a 1957 masu bincike suka lura cewa tsarin da ya fitar daidai yake da wanda Kofanikas ya kawo a littafinsa na 1543. To a nan ne mai kirari zai yi tsalle ya ce ga satar nan. A yi haƙuri. Ibnus Shaɗir ya bar ƙasa a tsakiya kamar yadda ya same ta. Kofanikas shi ya matsar da ita ya sa rana a wurin. Marubuci mai gaskiya dole ya faɗi duka biyun, ya ba kowa haƙƙinsa. Wanda ya faɗi rabi ya ɓoye rabi, ko Bature ne ko Bahaushe, ya ha'inci mai karatu. Littattafan makarantar da aka koyar da mu da su sun yi tsalle daga Girkawa zuwa Galiliyo kamar shekara dubu aka yi ana barci a tsakani. Mu kuma maimakon mu cike gurbin da ilmi, sai muka cike shi da guɗa.

Kuma fa inda babu littafin gaskiya, na ƙarya ne ke cin kasuwa. Tun muna yara ake gaya mana wai Neil Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata ya musulunta. An fitar da sanarwar ƙaryata wannan magana a madadinsa tun 1983, amma har yau ana maimaita ta a kan mumbari da cikin aji, yanzu ma ta samu ƙafa a waya. Addinin da ya haifi Albattani ba ya bukatar a yi masa tallar ƙarya. Haka 'yan uwanmu masu kishin Afirka suka rungumi labarin Dogon na ƙasar Mali, wai tun fil'azal sun san da wata ƙaramar tauraruwa da ke kewaya Shi'ira wadda ido ba ya gani. Wani Bature ma ya rubuta littafi a 1976 yana cewa wasu halittu ne daga sama suka sauko suka gaya musu, wanda in ka duba cin fuska ne aka lulluɓe da yabo. Da wani mai bincike, Walter van Beek, ya zauna a cikinsu shekaru, ya buga sakamakonsa a 1991, bai tarar da wannan sanin a wurinsu ba. Mu kuwa muna can muna neman abin alfahari a tatsuniya, alhali na gaske yana zauren gidanmu.

Ina nufin ilmin manzilai. Duk wanda ya tashi a karkara ya san akwai malamin da manoma ke zuwa tambaya: wace tauraruwa muke ciki? Malaman nan suna riƙe da lissafin manzilai 28, kowace kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla 365 cif. Sun raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Za ka ji suna ambaton Surayya, wadda Bahaushe ke kira kaza da 'ya'yanta, da Dabaran, da Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa. Me ya sa suke bukatar wannan? Domin shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kwana 11, saboda haka azumi yana yawo cikin damina da rani, manomi kuwa ba zai iya shuka da watan da ke yawo ba. Taurari su ba sa yawo da shekara. Kowace tauraruwa tana riga fitowarta ta jiya da kusan minti 4, in ka tara minti huɗu-huɗun nan na shekara guda sai su ba ka yini da kwana, ta dawo inda ta faro. Da irin wannan lura ce mutanen Masar na dā suka riƙa tsammanin cikar kogin Nilu idan suka ga Shi'ira ta ɓullo da asuba. Ashe tsohon malamin ƙauyenmu da ke lissafi da yatsu a kan buzu, magajin wani ilmi ne mai dubban shekaru. Dabaran ɗin da yake faɗa kuwa ita ce Aldebaran da ke cikin taswirar taurarin Turawa, da sunanta na Larabci suka karɓe ta.

Malaman nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda na sani a garinmu ya rasu, 'ya'yansa suka raba littattafan fiƙihu, takardun hisabi kuwa aka bar wa gara. Ni da nake wannan surutu ban je na zauna gabansa da littafin rubutu ba sai da ƙasa ta rufe masa ido, don haka da kaina nake farawa wajen zargi.

Na san abin da wasu za su ce: wannan ai duba ne, bokanci ne. A'a. Malaman Musulunci tun tuni sun raba tsakanin lissafin tafiyar taurari, wanda da shi ake sanin alƙibla da lokacin salla da yanayin shekara, da kuma da'awar cewa taurari suna juya rabon mutum. Na farko ilmi ne, na biyu shi aka hana. Ba kuwa zan ɓoye cewa a tarihi sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da duka biyun ba, a wurinmu da wurin Turawa. Ga Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashnawi, mutumin Katsina, wanda ya yi aikin hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu can a 1741, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ya yi rubutu a kan yadda ake gina hatimi, wato jera lambobi a gidaje ta yadda duk layin da ka tara zai ba ka jimla ɗaya, masana tarihin lissafi kuwa suna ambatonsa saboda haka. Ya kuma yi rubutu a kan ɗalasimai da taurari. Littafin da nake kira a rubuta shi ne wanda zai ɗauki mutum irin wannan ya tankaɗe, ya ce ga tsaba ga dusa. Jin tsoron dusar ya sa mun zubar da tsabar, har Bakatsine ya fi sanin sunan ɗan ƙwallon Sifen a kan nasa.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan magana ta masu ƙoshi ce. A watan Janairu na 2001 da aka yi husufin wata, matasa sun fita a Maiduguri sun far wa otal-otal da mashaya, bisa cewa zunubin da ake yi a can ne ya sa aka kama wata. Alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi husufin rana, da kansa ya kore zaton cewa don mutuwar wani ko rayuwarsa ake yin husufi, ya yi umarni da salla. Husufin wata inuwar ƙasa ce ke faɗawa kan wata, kuma ana sanin ranarsa tun kafin a haifi masu zunubin. Mutanen Babila sun gano cewa husufi yana maimaita kansa bayan wata 223, wato shekara 18 da kwana 10 ko 11 da sa'a 8. Masu shekaruna za su tuna husufin rana na 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi a wajajen Gusau da Katsina har kaji suka nufi akurki. Ƙara masa wannan adadi, sai ka faɗa kan 8 ga Afrilu 2024, ranar da aka yi husufin da ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada. Sa'a takwas ɗin nan ta ɗoriya ita ta sa ƙasa ta ƙara juyawa sulusi, inuwar ta faɗa can yamma maimakon kanmu. Shafi biyu na Hausa sun isa a bayyana wannan, kuma yaron da ya karanta su da wuya ya ɗauki galan ɗin fetur don an kama wata.

Saura maganar ɗan uwana na farko, wai ba adabi ba ne. Ina so ya gaya mini ko Abubakar Imam marubuci ne. Hannun da ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce shi ne ya haɗu da na Rupert East suka fitar da Ikon Allah, littattafan da suka bayyana halittu da yadda duniya take cikin Hausar da har yau ba a fi ta daɗi ba. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da aka sauka a wata, ya ɗauki yaron Bahaushe ya kai shi sararin samaniya. Su ba su ce a jira jami'a ba. Malamin jami'a yana rubutu ne da Turanci don 'yan uwansa malamai su karanta a ƙara masa girma, ban kuma ga laifinsa ba, tsarin da ya samu ke nan. Mai iya sa yarinya 'yar aji uku ta manta da tuwo a kan wuta saboda labari, shi ne marubucin da ke cikin wannan ƙungiya. A shekarun 1990 an sha muhawara a jaridu a kan littattafan soyayya, wasu na kira musu adabin kasuwar Kano, wasu na kare su. Ni ina cikin masu cewa sun yi rana, domin sun koya wa dubban mata da matasa karatun boko na Hausa. To an koya musu karatun, sai me aka ba su bayan nan? Shekara talatin ana ba su tuwo ɗaya miya ɗaya.

Wai babu kasuwa. Wa ya kasa ya ga ba a saya ba? Wai Hausa ba ta da kalmomi. Harshen da ke da zara da gamzaki, da husufi da falaki da buruji da manzili, shi ne ba shi da kalmomi? Ga ma labari a cikin kalmomin kansu: zara ta magariba da gamzaki na asuba abu guda ne, duniya ce mai kewaya rana a tsakaninmu da ita, shi ya sa ba ka taɓa ganin ta a tsakar ka da tsakar dare, kullum tana raɓe da mafita ko mafaɗar rana. Girkawa ma da farko suna biyu suka ba ta kafin su gane. Da Galiliyo ya duba ta da madubin hangen nesa a 1610, sai ya ga tana cika tana raguwa kamar wata, abin da tsarin Baɗlimus ba zai iya bayyanawa ba. Babi guda ke nan, tun daga kirarin zara matar wata har zuwa rushewar ra'ayin da ya yi shekara 1,400 yana mulki.

Abin da za a dogara da shi wajen rubutun ma akwai. Otto Neugebauer ya yi aiki a kan lissafin Babila da Masar, George Saliba ya fitar da littafi a 2007 a kan kimiyyar Musulmi da tasirinta a Turai, ga kuma na Larabci a hannun malamanmu. Ba fassara kalma da kalma nake nufi ba, wannan ita ke haifar da Hausar da ba mai iya haɗiya. A karanta a fahimta, a gwada da hannu, sannan a ba da labari kamar yadda ake ba da shi a dandali. Duk abin da marubuci bai iya bayyana wa ƙanensa da baki ba, kada ya sa shi a takarda.

Saboda haka ga ƙoƙon barata ga shugabannin ƙungiya. A ware shafi huɗu a kowace fitowa ta wannan mujalla don irin wannan rubutu, da sharaɗin duk wanda ya ambaci sunan masani ya faɗi abin da ya auna da yadda ya auna. Kowane reshe ya nemi malamin hisabi guda da ya rage a yankinsa, a je da na'urar ɗaukar magana kafin damina mai zuwa. A gasar da ake shiryawa kuma a buɗe rukuni na littafin ilmi, ko kyautar ba ta wuce kuɗin buga kwafi ɗari biyar ba. Ni na ɗauki babin inuwa, in Allah ya yarda zan miƙa wa Edita kafin fitowa ta gaba, a yi masa sharhi ba sani ba sabo. Ɗan uwana da ya ce Turawa sun sace, shi kuma na bar masa Ibnus Shaɗir. Kafin nan ina gayyatarsa ranar 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, lokacin da rana ke tsayawa daidai saman Ka'aba, ya zo da sanda mu kafa a ƙofar masallacin unguwarsu mu ga ko alƙiblarsu daidai take.